Rabin Muryar Malam Mahmuda

Kafin motar sintiri ta gama tsayawa, an riga an yage wa Oliver mai gyaran kwamfuta hannun riga ɗaya.

Sufeto Sharhabilu ya diro yana ture mutane. Layin masu gyaran waya da kwamfuta ya cika maƙil, 'yan acaɓa sun jingine baburansu sun yi da'ira, kowa na faɗin tasa. A tsakiya wata doguwar mace ce cikin hijabi ruwan toka ta shaƙe kwalar Oliver, wani gajeren mutum mai gilashi. Wani ƙato kuma ya ɗaga bencin shago sama yana neman inda zai sauke shi.

"Ajiye bencin nan ko ka kwana a sel!" in ji Sufeto.

Ƙaton ya ajiye.

"Yallaɓai, ɓarawo ne!" in ji matar. "Shi ya haɗa min kwamfutar. Shi kaɗai ya san cikinta."

"Oga, abeg, ni ban taɓa komai ba," in ji Oliver yana haki. "Wata uku ƙafana bai taka Shabu ba. Madam ya zo kawai ya kama ni."

Saje Ngodoo, wadda ta shekara shida tana aiki tare da Sufeto, ta ɓamɓare yatsun matar ɗaya bayan ɗaya. "Sake shi, 'yar'uwa. In ya gudu ni zan kamo miki. Dubi ƙafafunsa, ina zai kai?"

Aka yi dariya, zafin taron ya ɗan sauka.

Sunan matar Adawiyya Mahmuda. Bidiyon biki da suna take ɗauka, ta haɗa a gida a Shabu. Jiya Alhamis ta wuni a wajen wani biki a cikin Lafiya. Yau da safe ta kunna kwamfuta, allo ya tsaya baƙi. Da ta buɗe akwatin, sai ta ga faifan ajiyar bayanai ɗaya ya ɓace. Biyu ne a ciki.

"Faifai ɗaya ne ya sa za a kashe mutum da benci?" in ji Sufeto.

"Mahaifina ne a ciki, Yallaɓai."

Sufeto ya daina rubutu.

"Bara ya rasu. Shekara biyu ina ɗaukarsa a gindin mangwaro. Waƙoƙin noma da yaren Gwandara, sunayen kakanninmu, yadda aka sari gonakin Shabu. Ya fi awa sittin. Duk na goge memorin kyamara na sake aiki da su, saboda na ce wa wannan ya sa min faifai biyu, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. To ga ɗaya nan, me ya sa ba ta tashi?"

Oliver ya sunkuyar da kai yana goge gilashinsa da yagaggiyar rigar.

Sufeto ya sa kofur ya wuce da shi caji ofis, don tsira da ransa ma. Ana tura shi cikin keke napep sai ya leƙo.

"Oga, akwai magana ɗaya..."

"Riƙe ta sai na dawo," in ji Sufeto, ya rufe ƙofar mota.

Daga baya, wannan jumlar ce ta fi kowace hana shi sukuni.

*

Gidan marigayi Malam Mahmuda na bayan makarantar aikin gona, gidan bulo mai jan langa-langa, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Har yanzu kujerar tsohon na ƙarƙashinta, ba mai zama.

Ɗakin aikin Adawiyya ba a fasa shi ba. Kwaɗon lafiyarsa lau.

"Ina kike ajiye makulli?"

"Ƙarƙashin turmi."

"Wa ya sani?"

"Mutan gida. Da maƙwabta. Yara na zuwa cajin waya."

"Wato rabin Shabu," in ji Ngodoo.

Kyamara na rataye a ƙusa, ba a taɓa ta ba. Ga fitilun ɗaukar hoto, ga lasifika. Sufeto ya durƙusa gaban akwatin kwamfutar. Kawunan sukurorin duk sun karce, an ci musu baki.

"Saje, mai gyara yana buɗe akwati da wuƙa?"

"Oliver ko barci yake yi sukundireba na aljihunsa, Oga."

Ya haska ciki da fitilar waya. Faifai ɗaya ne ya rage, ɗan tubalin ƙarfe kamar littafin aljihu, an manna masa farar takarda an rubuta 2 da biro. Gurbin da ke samansa wayam, wayoyi na reto. A gefen gurbin akwai shatin yatsa ja.

Ya lakato ya shinshina. Ba jini ba ne. Jar hodar nan ce da manoma ke cuɗe iri da ita kafin shuka, don ƙwari da tsuntsaye.

Amma farkon damina ne. Duk namijin da ke Shabu hannunsa ja ne.

"Adawiyya, da kika shigo da safe, a buɗe kika sami akwatin?"

"A rufe na same shi, Yallaɓai. Har da mayafin da nake lulluɓe shi saboda ƙura, an mayar."

Ɓarawo mai mayar da mayafi. Sufeto ya rubuta.

A tsakar gida ya sami mahaifiyar Adawiyya, Mama Sabuwa, tana tsince shinkafa a faifan kaba. Ta ce ba ta ga kowa ba jiya, ta ɗan leƙa gidan suna da azahar. Tana maganar idonta na kan shinkafa.

Sai ga babur ya shigo. Mai shi faffaɗan mutum ne, shekara arba'in da 'yan kai, takalmin roba duk laka. Hizbullahi ke nan, yayan Adawiyya, wanda ke riƙe da gonakin gidan. Ya gaida Sufeto da hannu biyu.

"Jiya kana ina?"

"Gona, Yallaɓai, daga safe har magariba. Shuka muke."

Hannunsa ja har wuyan hannu. Bai ɓoye ba.

Adawiyya ta zauna bakin rijiya tana kuka ba sauti. Hizbullahi ya je ya tsuguna gabanta.

"Haba Ada, ki yi haƙuri mana. Na aiki kawai aka ɗauka. Na Baba yana nan, ga shi can mai lamba biyu. Aiki kuwa a sake wani."

"To me ya sa ba ta tashi, Yaya?"

"A kai wa wani mai gyaran. Na Baba dai ba abin da ya same shi, ki yarda da ni."

Sufeto ya ji, bai kawo komai a ransa ba. Shi da kwamfuta sai dai buga rahoto da yatsa biyu. Faifai biyu, ɗaya na aiki ɗaya na Baba, magana ta hau.

Amma ya tabbata abin bai bar unguwar ba. Maƙwabta sun cika zaure, don haka ya yi abin da ya saba yi shekara ashirin, wanda sau da yawa yakan ci. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Gobe da sassafe zan dawo da takardar izinin bincike. Ɗaki-ɗaki, rumbu-rumbu, har bukkokin gona. Duk wanda na samu da faifan nan, sai ya yi bayani a kotu."

Ya duba fuskoki. Ba wadda ta motsa. Mama Sabuwa ce kawai ta daina tsintar shinkafa.

*

Aka yi sallar Juma'a. Aka yi taro da Di-fi-o, taron da aka ce minti goma ne ya ci awa biyu. Sai ƙarfe huɗu Sufeto ya sa aka kawo masa Oliver.

"Ka ce akwai magana."

"Oga, tun safe nake faɗa wa kofur a kira ka. Ya ce in yi shiru ko ya ƙara min caji." Oliver ya rage murya. "Na yi ƙarya kaɗan. Ba na sata ba. Na aiki."

"Ina ji."

"Madam ya ce in sa faifai biyu, ɗaya ya zama sifiya. Amma kullum yana kira na, kwamfuta ya yi sanyi, bidiyo yana maƙalewa, kwastoma yana jira. Sai na ce bari in ba shi gudu. Na ɗaure faifan biyu suka zama ɗaya. Ban faɗa masa ba."

"Yi min Hausa, Oliver."

Oliver ya jawo wata tsohuwar takarda daga tebur, ya yayyaga ta tsiri-tsiri. Ya ɗauki tsirin farko ya ajiye dama, na biyu hagu, na uku dama, na huɗu hagu.

"Haka kwamfuta yake yi. Kowane bidiyo, kowane hoto, yana yanka shi ƙanana-ƙanana. Wannan yanki a faifai na ɗaya, na gaba a faifai na biyu. Su biyu suna rubutu lokaci ɗaya, shi ya sa yana gudu. Amma ba wanda yake da abu cikakke." Ya tura tarin hagu gaban Sufeto. "Karanta, Oga."

Sufeto ya dubi tsirarrakin. Rabin kalma nan, rabin kalma can.

Ngodoo ta dafa kai. "Kamar zanenmu na ƙabilar Tibi, Oga, layin baƙi layin fari. In ka zare duk baƙin, abin da ya rage ba rabin zane ba ne. Zare ne kawai."

"Shi ke nan, Saje!" in ji Oliver.

"Tsaya," in ji Sufeto. "Adawiyya ta ce min a allo ɗakuna biyu take gani. Ɗaya Aiki, ɗaya Baba."

"Wannan fatishan ne, Oga. Bango ne na zana a saman su biyun. Ɗakin Aiki yana kwance a kan faifai biyu. Ɗakin Baba ma yana kwance a kan faifai biyu. Lambar da na rubuta don in san wayar da zan cusa ne kawai."

"Wato wanda ya rage a gidan..."

"Rabin komai ne. Rabin muryar tsohon. In ɗayan ya dawo lafiya, minti ashirin na tada masa komai. In bai dawo ba..." Ya buɗe tafukansa. "Ko Legas aka kai, ko Turai."

"Me ya hana ka faɗa da safe?"

"A gaban benci, Oga?"

Sufeto ya tuna barazanar binciken da ya yi da safe. Faifan da ya kamata a lallaɓa kamar ƙwai, shi ya je ya tsaya a tsakar gida ya mayar da shi garwashi a hannun wanda ke riƙe da shi.

"Wa kuma ya san cikin akwatin?"

"Ba kowa. Sai dai ranar Laraba wani ya kira ni, lamba ban san shi ba. Ya ce Madam ne ya aiko shi, wai wane faifai ne na Aiki, wane ne na Baba. Ina da kwastoma uku a kaina, ina zan fara dogon bayani? Na ce masa na ɗaya Aiki, na biyu Baba, na kashe waya."

Sufeto ya miƙe har kujera ta faɗi.

Maganar ƙarya ce, kuma mutum ɗaya tak aka faɗa wa ita a duniya. Shi kuwa ya ji ta ɗazu da kunnensa, a bakin rijiya, daga bakin mai lallashi.

"Saje, mota. Oliver, taho da jakarka."

*

Titin Shabu ya cushe da masu dawowa daga aiki. Direba na danna oda, Sufeto na duba agogo. Biyar saura kwata.

Suka ɗauki Adawiyya a ƙofar gida. Hizbullahi, in ji ta, ya koma gona tun bayan masallaci.

"Me ke cikin ɗakin Aiki?" Sufeto ya tambaye ta mota na tsalle a hanyar gona.

"Bukukuwa. Sunaye biyu. Da fim ɗin ƙungiyar manoman shinkafa, wanda za a haska da majigi ranar Lahadi."

"A ina kika ɗauka?"

"A fadamarmu, sati uku da suka wuce. Wajen tafki."

Sufeto da Ngodoo suka dubi juna. Sati uku ke nan wani fayil na kwance a teburinsa. Wani dattijon makiyayi mai suna Bobbo, wanda rugarsa ke bayan wannan tafkin, ya wayi gari da shanu bakwai a mace. An ɗebi samfuri an aika gwaji, har yau shiru.

"Kin san Bobbo?"

"Baffa Bobbo? Aminin Baba ne tun suna samari. Shi ya shiga kabari ya karɓe shi. An ma gayyace shi kallon fim ɗin, kujerar gaba."

"Akwai ko guntun fim ɗin a wayarki?"

Akwai. Minti ɗaya ne da ta tura wa shugaban ƙungiya don talla. Mata na dashe suna waƙa. Sufeto ya ce ta tsayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu. Can baya, a bakin tafki, wani faffaɗan mutum ya sunkuya yana ɗauraye tankin feshi mai ruwan ɗorawa a cikin ruwa. A wayar fuskar ba ta fita.

"A babban allo za ta fita?"

"Tar," in ji Adawiyya. Sai ta ƙura wa hoton ido. Bakinta ya buɗe. "Ranar Talata Yaya ya tsaya a bayana ina haɗa wannan wurin. Ya ce in mayar baya. Na ɗauka waƙar yake so."

Sufeto ya gaya mata abin da Oliver ya faɗa, a taƙaice, ba tare da ya juyo ba. Ta saurara har ƙarshe. Ba ta zagi Oliver ba, ba ta ma dube shi ba.

"Direba, don Allah ka yi sauri," abin da ta ce ke nan.

Suna hawa tudu suka hango hayaƙi.

*

Bayan bukkar gona akwai tsibin buntun shinkafa na bara, yana cin wuta a hankali. Hizbullahi na zaune a kan kututture, gatari jingine a gwiwarsa. Tankin feshi mai ruwan ɗorawa na rataye a jikin bukka.

Bai tashi ba.

"Hizbullahi," in ji Sufeto, "wa ya gaya maka mai lamba biyu ne na Baba?"

"Ai... a rubuce yake."

"Biyu kawai aka rubuta. Miƙo wayarka. Oliver, duba kiran Laraba."

"Ba da ita na kira ba," in ji Hizbullahi, sannan ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya rufe ido.

Oliver bai jira ba. Ya fizgi sanda ya shiga tonon buntun, hayaƙi na sa shi tari. Sandar ta bugi ƙarfe. Ya turo shi waje.

An sare shi da gatari sau uku kafin a jefa shi wuta. Murfin ya tsage, abin da ke ciki ya lanƙwashe ya yi baƙi ƙirin. Takardar lambar ta ƙone, sai gurbinta.

Oliver ya juya shi da sanda sau ɗaya. Ya cire gilashinsa ya zauna a ƙasa.

"Yaushe?" in ji Sufeto.

"Wajen ƙarfe uku," in ji Hizbullahi. "Wallahi ban yi niyyar lalata shi ba, Yallaɓai. Na naɗe shi a leda na soka a jinkar bukka. Na ce Lahadi ta wuce, a fasa haskawa, sai in mayar mata a ɓoye. Da ka ce za ka zo har bukkoki..."

Bai ƙarasa ba. Sufeto bai buƙaci ya ƙarasa ba. A lokacin, shi yana zaune a ofishin Di-fi-o ana gardama a kan wanda zai riƙe makullin sito.

"Me ya kai ka?"

"Na gama feshin maganin ciyawa, na gaji, rijiya da nisa. Na ɗauraye tankin a tafki. Washegari shanun Baffa Bobbo suka mutu. Ya zo gidanmu ya zauna a gindin mangwaro yana hawaye, ya ce da amininsa na raye da ya gano masa wanda ya yi. Ni na kawo masa ruwan sha da hannuna." Ya share fuska, jar hoda ta ɓata masa kumatu. "Sati uku ina cewa gobe zan faɗa masa. Sai na ga kaina a allon Ada. A haska ni a gaban gari, yana kujerar gaba? Ka san yadda ƙasar nan take, Yallaɓai. Shanu bakwai, manomi da makiyayi. Zumuncin da Baba ya shekara hamsin yana riƙewa, ni zan tsinka."

Ya juya wajen ƙanwarsa.

"Ada, ki yafe min aikinki. Zan bi masu bikin gida-gida in ba su haƙuri. Amma na Baba ban taɓa ba. Sai da na tambaya, sai da na tabbatar. Na haska fitila na karanta lambar sau uku. Ko mayafin na mayar don kada ƙura ta shiga masa."

Adawiyya ta juya wajen Oliver.

"Oliver," ta ce a hankali, "gaya masa. Ni ba zan iya ba."

Oliver ya gaya masa. Bai yi amfani da takarda ba wannan karon. Ya nuna baƙin ƙarfen da ke ƙasa. "Rabin kowane kalma na tsohon yana nan ciki. Ni na ba ka amsan banza a waya. Laifina ne."

Hizbullahi ya dubi Oliver, ya dubi Sufeto, yana neman wanda zai ce wasa ne.

"A'a. Na biyu yana gida. Na gan shi."

"Yana gida," in ji Sufeto. "Amma ba zai ƙara magana ba."

Mutumin ya zame daga kan kututture. Ya kai hannu ya ɗauki ƙarfen da zafinsa, ya rungume a ƙirji, har sai da Ngodoo ta buge masa hannu ya saki. Tafinsa ya riga ya tashi.

"Har da ranar da ya kira sunana?" ya tambayi Adawiyya. "Da ya ce gona na hannun Hizbullahi, shi zai kwanta dama da kwanciyar hankali?"

"Har da ita, Yaya. Ita nake ajiye maka. Na ce sai ranar cikarsa shekara in nuna maka."

Wani irin sauti ya fito daga maƙogwaronsa, wanda Sufeto bai taɓa ji ba ko a ɗakin ajiye gawa.

Ngodoo ta ciro ankwa. Sufeto ya girgiza mata kai, ya nuna ƙonannen hannun. Shi da kansa ya kama Hizbullahi a damtse ya kai shi mota.

Da suka biyo ta ƙofar gida, Mama Sabuwa na tsaye a zaure.

"Na gan shi jiya ya ɗaga turmi," ta ce wa Sufeto, ba ta jira tambaya ba. "Na ce ɗana ne, ƙanwarsa ce, za su sasanta. Da na buɗe baki da safe..."

"Da ni ma na rufe nawa, Mama," in ji Sufeto.

*

Rana ta yi ja lokacin da aka gama rubuta sitatimen. An ɗaure wa Hizbullahi hannu da bandeji, an shigar da shi ciki. Ana tuhumarsa da sata da lalata shaida, sai kuma maganar shanu da ke jiran safiya.

Adawiyya ta ce a janye ƙararta. Sufeto ya ce ta dawo Litinin a yi maganar. Kafin ta tafi ta ciro faifai mai lamba biyu daga jakarta, naɗe cikin ɗankwali.

"Oliver ya ce in goge shi in ci gaba da aiki da shi. Wai lafiyarsa lau." Ta mayar da shi jaka. "Ba zan goge ba. Yana ciki. Ji ne kawai ba za mu yi ba."

Ta fita ta tari keke.

Sufeto ya zauna shi kaɗai. Tsirarrakin takardar Oliver na nan a tebur, tari biyu. Ya tsinci kansa yana jera su, ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu, har rubutun ya dawo ana karantawa. Aikin minti biyu. Ya share su ya zuba a kwando.

Ngodoo ta leƙo. "Oga, wani yana kanta. Ya ce sai kai."

Mutumin bai jira an shigo da shi ba. Dogo ne siriri, da farar rigar aiki da ta sha jar ƙasa, ambulan a hannu ɗaya, ƙullin leda a ɗayan.

"Kai ne Sufeto Sharhabilu? Sunana Dokta Iortyer, likitan dabbobi. Sakamakon gwajin shanun Bobbo ne, yau ya iso."

"Mun riga mun sani, Dokta. Maganin ciyawa ne. Wanda ya wanke tanki a tafkin yana ciki."

Likitan ya yi masa wani kallo.

"Maganin ciyawa? Ruwan tafkin nan mun gwada shi, ba abin da zai kashe ko akuya. Ba ruwa suka sha suka mutu ba." Ya kwance ledar a kan tebur. Dunƙulen gishirin lasa ne, da wasu baƙaƙen ƙwayoyi a cuɗe a jikinsa. "Irin wannan suka lasa. Da hannu aka haɗa shi, da gangan aka ajiye musu a hanya."

Sufeto ya juya a hankali ya dubi ƙofar da aka shigar da Hizbullahi.

"Kuma wannan ba na rugar Bobbo ba ne," in ji likitan. "Yanzu na taho da shi daga garin Assakio. Yau da rana shanu huɗu sun faɗi, mutane sun fara taruwa. Kana da mota?"

Sufeto ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Saje, a bar Hizbullahi ya ci abinci tukuna. Kada kowa ya gaya masa ba shi ya kashe shanun ba. Ni zan gaya masa da bakina in na dawo."

Ya fita yana kiran direba.